Hukuncin sallah, azumi da aikin Hajji a lokacin tsananin zafi

Tambaya

Ni ɗan kabu-kabu ne, ina ɗaukar mutane da kaya daga Bagudo zuwa Tsamiya, wani lokaci har Segbana a cikin ƙasar Benin. A azumin da ya wuce, wata rana dab da Azahar jiri ya ɗebe ni na faɗi, mutane suka ba ni ruwa na sha. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin wasu sun ce kaffarar kwana sittin ta hau kaina. Kuma mahaifiyata tana shirin tafiya Makka, ga tsufa ga hawan jini. Mene ne Shari'a ta tanada game da irin wannan zafi, a gida da kuma can ƙasa mai tsarki?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Babu kaffara a kanka, ramuwar yini ɗaya ce kawai. Kaffara tana kan wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, ba tare da uzuri ko tawili na kusa ba. Wanda zafi ya kayar har aka ji masa tsoron halaka, shan ruwa wajibi ne a kansa. Haka yake a Mukhtasar na Shehu Khalil: buɗe baki yana wajaba a kan wanda ya ji tsoron mutuwa ko cuta mai tsanani. Waɗanda suka ba ka ruwa sun yi daidai, Allah Ya saka musu.

Tushen mas'alar

Jiki amana ce, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su. Azabtar da kai da rana ba ibada ba ce. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) labarin wani mutum mai suna Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zama, ba shiga inuwa, ba magana, kuma zai yi azumi. Annabi (SAW) ya sa a umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Ka ga an bar masa abin da yake ibada ne, an cire masa abin da yake wahala ce tsagwaronta. Wannan shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Zafin ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, yakan haura digiri 40. A farkon Afrilun 2024, cikin watan Ramadan, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin shekarar kuma zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka bayyana cewa alhazai 1,301 ne suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka je ba tare da izinin Hajji ba, suka yi doguwar tafiya a ƙasa babu tanti babu mota. Saboda haka maganar ba ta ragwanta ba ce, maganar rai ce.

Na farko: sallah

Sunna ce a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta. Wannan shi ake kira ibradi, wato a bari rana ta ɗan yi sanyi. Umarnin ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira (RA). A ruwayar Abu Zarri (RA) kuma, suna cikin tafiya ladan ya tashi zai kira sallah, Annabi (SAW) ya dakatar da shi har sai da suka ga tuddai sun yi inuwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo cewa an so a jinkirta Azahar da bazara har inuwar kowane abu ta ƙaru da rubu'in tsawonsa, ban da inuwar da rana ta karkata a kanta, Khalil kuma ya nuna ana ƙarawa a kan haka saboda tsananin zafi. Sharaɗi ɗaya ne, kada a fitar da ita daga lokacinta. Ya kamata limamai da kwamitocin masallatai su zauna su ƙayyade lokaci ɗaya a sanar da jama'a, domin kada tsoho ya tako cikin garjin rana ya tarar ba a tashi ba.

Juma'a kuwa, mafi yawan malamai ba su ga a jinkirta ta ba. Sauƙin da ke cikinta yana hannun liman: ya gajarta huɗuba, ya tuna da waɗanda suke sahun waje a kan kwalta. Masu hali su kafa rumfuna. Anas (RA) ya ba da labarin cewa idan zafi ya hana ɗayansu ɗora goshi a ƙasa, yakan shimfiɗa gefen tufafinsa ya yi sujada a kai. Don haka ka tafi da tabarma ko darduma, kada ka ƙona goshinka.

Matafiyi ko makiyayin da ke daji, idan ruwan da ke hannunsa kaɗan ne, kuma yana jin tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokin tafiyarsa ko dabbarsa, ya yi taimama ya ajiye ruwan don sha.

Na biyu: azumi

Zafi shi kaɗai ba ya halatta shan azumi. Mai aikin ƙarfi, ko ɗan kabu-kabu ne, ko manomin shinkafar rani a fadamun bakin Kwara, ko masunci a Lolo da Illo, ko ɗan dako a kasuwa, wajibi ne ya kwana da niyya ya tashi da azumi. Bai halatta ya yanke tun da dare cewa gobe ba zai yi ba. Idan wahala mai tsanani ta same shi da rana, a lokacin ne zai sha, daga baya ya rama.

Mataki uku ne. Ƙishirwa da kasalar da kowane mai azumi yake ji, a yi haƙuri da su, ladan yana nan. Wahalar da ta wuce misali, wadda ake jin tsoron za ta jawo ciwo ko ta ƙara shi, a nan ya halatta a sha. Idan kuwa aka kai ga jiri mai kayarwa, gani ya dushe, magana ta fara rikicewa, to sha ya zama dole, wanda ya ƙi kuma ya yi laifi.

Kafin a kai can, a yi dabara. Ka mayar da aikinka daga bayan Asuba zuwa hantsi, sannan bayan La'asar. Ka jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar, ka raba shan ruwa tsakanin Magariba da sahur, kada ka ɗura shi gaba ɗaya. Fura da nono, kunu, ruwan tsamiya da kankana sun fi shayi mai kauri da lemon kwalba amfani ga mai azumi. Wanka da jiƙa kai da rawani ba sa karya azumi: Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an ga Annabi (SAW) a wani wuri da ake kira Arju yana zuba ruwa a kansa alhali yana azumi, saboda ƙishirwa ko zafi. Idan tafiyarka ta kai nisan ƙasaru, wato kimanin kilomita 80, kana da rangwamen matafiyi, amma a mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne ka bar gari kafin alfijir kuma ka kwana da niyyar sha.

Mai ciki da ta ji wa kanta ko cikinta tsoro ta sha ta rama. Mai shayarwa da ta ji wa ɗanta tsoro ta sha, ta rama, ta ciyar da mudu ɗaya na Annabi (SAW) a kan kowane yini. Tsohon da ba ya iyawa ya sha, an so ya ciyar. Mai ciwon suga ko ƙoda ko hawan jini ya nemi shawarar likita tun watan bai kama ba. Mazaje kuma su ji tsoron Allah game da matan da suke yini a gaban murhu ƙarƙashin rufin kwano: a rage yawan girki, a fitar da murhu inuwa mai iska.

Ramuwa tana da yalwar lokaci har zuwa Sha'aban, kamar yadda Nana A'isha (RA) takan jinkirta tata. Babu laifi ka bari sai sanyin hunturu ka rama.

Na uku: agajin wanda zafi ya buge

Alamomin farko su ne zufa mai yawa, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, da fitsari kaɗan mai duhu. Mai irin wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali. Yadda ake haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Idan jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko ya suma, ko ya kama jijjiga, to rai yana cikin haɗari. A kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai iya shaƙe shi. Kada a ce aljanu ne a tsaya ruƙiyya: a yi addu'a ana tafiya. Idan ma'aikacin lafiya ya ce a yi ƙarin ruwa, a yi, a rama yinin daga baya. Idan mace ce, mata su kula da ita su rage mata lulluɓi. Idan babu mace a wurin, namiji ya cece ta gwargwadon lalura.

A lura, bazara ita ce lokacin sanƙarau, wanda ya ɓulla a Gwandu, Jega da Aliero a farkon 2025. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ciwon kai mai tsanani ba abin jira ba ne. Jaririn da bai kai wata shida ba a yawaita ba shi nono, kuma kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko da na ɗan lokaci ne.

Na huɗu: mai tafiya Makka

Kada Hajiya ta ce ai ta saba da zafin Bagudo. Zafin can busasshe ne, zufa tana bushewa mutum bai sani ba, ga kwalta da duwatsu suna mayar da zafi, ga doguwar tafiya cikin cunkoso. Gwamnatin Saudiyya ma ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ta riƙa shan ruwa ko ba ta ji ƙishirwa ba, kada ta rage sha don gudun layin bayi. Ta tafi da magungunanta, ta nuna su ga likitocin hukumar alhazai. Ta yi ɗawafi da sa'ayi da dare ko bayan Asuba, Azahar da La'asar kuma ta yi su a masauki.

Ranar Arfa ba a so alhaji ya yi azumi. Zama cikin tanti tsayuwa ce cikakkiya matuƙar yana cikin iyakar Arfa, hawa dutse kuwa ba wajibi ba ne, ba sunna ba ne.

Laima halal ce ga mace, domin ihraminta a fuska da tafukan hannu yake. Ga namiji, Hanafiyya da Shafi'iyya sun halatta, hujjarsu hadisin Ummul Husaini (RA) a Muslim, wadda ta ga Usama da Bilal a Hajjin bankwana, ɗaya yana riƙe da ragamar taguwar Annabi (SAW), ɗaya ya ɗaga tufa yana kare shi daga rana har ya jefi Jamratul Aƙaba. Malikiyya sun halatta inuwar gini da tanti, sun yi saɓani kan fidiya a abin da ake ɗagawa a kan sanda. Abin da muke gani shi ne ya riƙe laimarsa kada ta taɓa kansa, babu komai a kansa. Wanda ya so fita daga saɓani ya ciyar da miskinai shida ko ya yi azumin kwana uku.

Jifa a kwanakin Mina, ta bi lokacin da jagorori suka tsara. Idan ba za ta iya ba ta wakilta wani. A wurin Malikiyya akwai hadaya a kan wanda ya wakilta, wasu mazhabobin ba su ɗora masa komai ba. Ta tambayi malamin tawagarsu a can.

Daga ƙarshe

Mai hali ya ajiye randa a ƙofar gida ko tasha ko bakin kasuwa, ya gyara rijiya ko famfon unguwa, ya dasa bishiya. Usman ɗan Affan (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmi, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A tuna da dabbobin da ke ɗaure a rana. Wanda yake da lebura a gona ko wurin gini ya ba su hutu da tsakar rana ba tare da ya rage musu lada ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya kai Hajiya Ya dawo da ita lafiya, Ya tsare mu daga zafin ranar ƙiyama.

Wallahu a'alam.