Le Mans: Ƙungiyar da Ta Ɗora wa Motoci Jarrabawar Awa 24

Garin Le Mans yana lardin Sarthe, kimanin kilomita 200 kudu maso yammacin birnin Paris. A shekarar 1906 wasu masu sha'awar mota na yankin suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Automobile Club de l'Ouest, ko ACO a taƙaice. Burinsu na farko shi ne a ba su baƙuncin babban tseren motoci na Faransa, kuma suka samu. A watan Yunin wannan shekarar aka yi shi, kwana biyu ana zagaye hanyoyin karkara masu tsawon kilomita 103, Ferenc Szisz, ɗan ƙasar Hungary, ya ci da motar Renault. Babban sakataren ƙungiyar, Georges Durand, shi ne ƙashin bayan wannan aiki, kuma shi ne bayan shekara goma sha shida ya zo da shawarar da ta fitar da sunan garin duniya.

A 1922 Durand ya zauna da Charles Faroux, ɗan jarida mai rubutu kan motoci, da Émile Coquille, wakilin kamfanin ƙafafun mota na Rudge-Whitworth a Faransa. Damuwarsu ita ce motocin tsere na lokacin sun yi nisa da motar da mutum zai saya da kuɗinsa. Motar tsere tana iya tashi kamar iska na awa uku ta ci kofi, amma wannan bai gaya wa mai saye ko fitilar motarsa za ta kai shi gida da dare ba, ko birki zai riƙe cikin ruwan sama. Sai suka tsara tseren da za a fara da ƙarfe huɗu na yamma, a kwana ana gudu, a ƙare da ƙarfe huɗu na washegari. Wanda ya fi cin nisa shi ne gwani.

Dokokin farko sun nuna inda aka dosa. Dole motar ta zama irin wadda kamfani ke sayarwa. In ba ƙaramar mota ba ce, sai ta kasance mai kujera huɗu, a kuma ɗora nauyi a madadin fasinjojin da babu. In ta lalace, direba ne zai gyara da kansa, da kayan aikin da ya ɗauko a cikinta. Hanyar ma ta jama'a ce aka rufe, mai tsawon kilomita 17 da 'yan kai, ciki har da miƙaƙƙen titin nan da ya nufi Mulsanne, wanda har yau manyan motoci ke bi zuwa birnin Tours idan ba lokacin tsere ba.

Ranar 26 ga Mayun 1923 motoci 33 suka tashi cikin ruwa da ƙanƙara. Babu kwalta a hanyar, sai laka da tsakuwa, duwatsu suna ta fasa fitilu. Kusan duka motocin na Faransa ne, in ban da Excelsior biyu daga Beljiyam da Bentley ɗaya tak daga Ingila, wadda John Duff da Frank Clement ke tuƙawa. Ana cikin tafiya dutse ya huda tankin man Bentley, ta tsaya cik a daji da Duff a ciki. Clement ya ari keke, ya rataya galan-galan na fetur, ya bi gefen hanya har ya iske ta, aka toshe hujin, aka ɗora keken a kujerar baya, suka koma tsere. Motoci 30 suka kai ƙarshe. André Lagache da René Léonard, cikin Chenard & Walcker, su suka fi kowa nisa da kilomita 2,209. A takarda dai ba a ce sun ci ba, domin an tsara kofin Rudge-Whitworth ne a kan sakamakon shekara uku a jere. 'Yan kallo da jaridu ba su bi ta wannan lissafi ba, wanda ya zo gaba suka yi wa tafi, daga bisani ƙungiyar ma ta bi sahunsu.

Duff da Clement suka dawo a 1924 suka ci. Bentley ta ƙara cin huɗu a jere daga 1927 zuwa 1930, amma kofuna ba su biya mata bashi ba, a 1931 kamfanin ya durƙushe, Rolls-Royce ta saye shi. Alfa Romeo ta karɓi fage daga 1931 zuwa 1934. Yajin aiki ya hana tseren 1936, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe filin tun daga 1940, aka yi masa kaca-kaca da bama-bamai.

Da aka dawo a 1949, masana'antun Turai ba su gama farfaɗowa ba, sababbin motocin kasuwa kuma ba su da yawa. Don kada fili ya zama wayam, ACO ta yarda a shigo da motocin gwaji, wato waɗanda kamfani ya ce yana niyyar ƙerawa nan gaba. A ganina wannan sassauci shi ne mafi girman hukuncin da ƙungiyar ta taɓa yankewa, domin ƙofar da aka buɗe don larura ba ta sake rufuwa ba. Niyya ba abin da alƙalin tsere zai iya aunawa ba ne. Cikin 'yan shekaru motar gwaji ta zama motar da aka zana don Le Mans kaɗai, mai kujera biyu, ta biyun ma don cika sharaɗi. Tun daga nan tarihin ACO ya zama na ja-in-ja: injiniyoyi su nemo kafa a cikin doka, ƙungiya ta toshe, su sake nemo wata.

A 1949 ɗin Luigi Chinetti ya ba Ferrari nasararta ta farko bayan ya tuƙa sama da awa 22 shi kaɗai. A 1952 Pierre Levegh ya so yin irin haka da Talbot-Lago, yana gaba da kowa, saura kimanin awa ɗaya injin ya mutu, Mercedes ta tsinci dami a kala. Daga baya aka ƙayyade awannin da direba ɗaya zai iya yi, yau kuwa mutum uku ke karɓa-karɓa a kowace mota. A 1953 Jaguar ta zo da birki mai faifai, wanda ba ya saurin sanyin jiki idan ya ɗau zafi, ta ci. Wannan birkin shi ne yau a ƙafafun gaba na kusan kowace ƙaramar mota, kuma hujja ce da magoya bayan tseren ke yawan kawowa idan aka tambaye su amfaninsa.

Sai 11 ga Yunin 1955. Da misalin ƙarfe shida da rabi na yamma Mike Hawthorn, cikin Jaguar, ya wuce Austin-Healey ɗin Lance Macklin, nan take ya taka birki don ya shiga wurin shan mai. Macklin ya kauce hagu. Levegh, wanda yanzu Mercedes 300 SLR yake ja, yana tafe a guje ta nan, ya hau bayan motar Macklin, tasa ta yi sama ta daki tudun ƙasar da ke gaban 'yan kallo ta tarwatse. Inji da murfinsa da ƙafafun gaba suka ratsa cikin taro. Bodin motar na ƙarfen magnesiyam ne, da aka watsa masa ruwa sai wutar ta ƙara ruruwa. Levegh da mutum sama da 80 suka mutu. Faroux, wanda shi ne shugaban tseren, bai tsayar da shi ba, hujjarsa ita ce idan dubban mutane suka yunƙura fita lokaci guda za su toshe wa motocin asibiti hanya. Cikin dare Mercedes ta janye motocinta alhali tana kan gaba, a ƙarshen shekara ta bar tsere baki ɗaya na tsawon shekaru. Suwizalan ta haramta tseren da'ira a ƙasarta.

An daɗe ana gardamar wane direba ne mai laifi, amma gardamar tana kauce wa inda gizo ke saƙa. Wurin an gina shi ne don motocin da ke gudun kilomita ɗari da 'yan kai a awa, aka bar masu gudun kusan ɗari uku suna bi ta cikinsa, babu ko katanga tsakanin titi da wurin shan mai. Wannan alhakin masu fili ne. Kafin tseren 1956 ACO ta rushe wurin, ta faɗaɗa titi, ta ja 'yan kallo baya.

Shekarun 1960 na Ferrari da Ford ne. Ferrari ta ci sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. Henry Ford na Biyu ya nemi sayen kamfanin a 1963, Enzo Ferrari ya fasa cinikin dab da sa hannu, Ford ya zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa har GT40 ta ci sau huɗu daga 1966 zuwa 1969. Na ƙarshen ya fi tsayawa a rai. Tun 1925 al'adar Le Mans ita ce direbobi su jeru a ɗaya gefen titi, a kaɗa tuta, su sheƙo a guje su faɗa mota. Da yawansu ba sa tsayawa ɗaura bel. Jacky Ickx, matashi ɗan Beljiyam, ya ƙi gudu a 1969. Ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗaure jikinsa tsaf, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko John Woolfe ya yi haɗari da Porsche 917 ya mutu. Washegari Ickx ya ci tseren da ratar kimanin mita 120 tsakaninsa da Porsche ɗin Hans Herrmann. Ba a sake wannan gudun ƙafa ba.

Porsche 917 ta ci a 1970, a 1971 kuma ta yi kilomita 5,335, nisan da ba a wuce ba sai 2010. Daga nan ƙungiyar ta karkata ga mai. Bayan tsadar fetur ta 1973, a 1975 ta ce babu motar da za ta sha mai sai ta yi zagaye 20. Wannan tunani shi ya haifi rukunin Group C a 1982: ka sa kowane irin inji kake so, amma ga iyakar man da za a ba ka. Ban san dokar tsere da ta fi wannan hikima ba, don ta bar injiniya da basirarsa ta kuma hana shi almubazzaranci. Porsche 956 da 962 suka mamaye, Jaguar ta sake ci a 1988, Mercedes ta dawo ta hannun Sauber ta ci a 1989, Mazda kuma a 1991 ta zama kamfanin Japan na farko da ya ci, da injinta mai juyawa wanda ƙararsa ke tsaga kunne. A 1988 Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa a miƙaƙƙen titin Mulsanne, a 1990 aka karya titin da kwanoni biyu.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ce ta kashe wannan zamani, da ta tilasta amfani da injuna masu tsada irin na Formula 1. Ƙananan ƙungiyoyi suka gudu. A 1992 motoci 28 kacal suka tashi, Peugeot ta ci, ta kuma maimaita a 1993, gasar duniya ta irin waɗannan motoci kuwa ta mutu. ACO ta koma ga tushenta, ta sake kiran motocin kasuwa. Abin dariya, wadda ta ci a 1994 tsohuwar Porsche 962 ce da kamfanin Dauer ya yi wa kwaskwarima ya yi mata rajistar hawa titi, aka shigar da ita a matsayin motar kasuwa. An toshe wannan kafar ma.

Darasin 1992 ya sa ƙungiyar ta daina dogara da tsere ɗaya a shekara. Ta ba attajirin Amurka Don Panoz izinin kafa gasa da dokokinta a 1999, ta kafa ta Turai a 2004, a 2012 kuma ita da hukumar FIA suka farfaɗo da gasar duniya. Audi ce ta ci moriyar wannan lokaci, nasara 13 tsakanin 2000 da 2014, ciki har da ta farko da injin dizal a 2006 da ta farko da mota mai haɗa mai da lantarki a 2012. Tom Kristensen na Denmak ya ci sau tara, babu direban da ya kamo shi. Porsche ta ƙara uku daga 2015 zuwa 2017, jimilla 19. Ta 2016 kyauta ce daga Toyota, wadda motarta ta mutu a gaban 'yan kallo saura 'yan mintoci a tashi. Amma tsada ta sake cin gasar. Audi ta fita, Porsche ta bi ta, Toyota ta rage ita kaɗai cikin manya, ta ci sau biyar daga 2018 zuwa 2022, wasu daga ciki ba tare da abokin karawa na gaske ba.

Maganin da aka kawo shi ne rukunin Hypercar a 2021, tare da yarjejeniya da hukumar IMSA ta Amurka don mota ɗaya ta iya tsere a nahiyoyin biyu. An ƙayyade ƙarfin inji da nauyi, kuma kafin tsere alƙalai kan ƙara wa wannan nauyi su rage wa waccan ƙarfi don a daidaita su. Kamfanoni suka dawo: Ferrari, Porsche, Peugeot, Cadillac, daga baya BMW da Alpine. A 2023, bikin cika shekara ɗari, mutum 325,000 suka halarta, Ferrari 499P ta ci karon farko tun 1965, ta sake ci a 2024 da 2025. Fili ya cika, sai dai ƙorafi bai ƙare ba, domin injiniyan da ya ƙera motar da ta fi sauri ya san za a ɗora mata nauyi, wanda aka kayar kuma yana da wanda zai zarga. Abu na gaba da ACO ta sa a gaba shi ne rukunin motoci masu amfani da iskar haidirojin, wanda ta sha ɗage ranar fara shi.