Wa ke da hurumin hukunta masu safarar ƙwayoyi a tsakiyar teku?

A ƙa'idar dokar ƙasa da ƙasa, jirgin ruwa da ke tsakiyar teku yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne kaɗai. Wannan ƙa'ida ce ta sa shari'ar masu safarar hodar iblis da tabar wiwi ta ruwa ke yawan rikiɗewa zuwa gardama a kan hurumi. Kafin alƙali ya dubi ƙwayar da aka kama, sai an tantance ko ƙasar da ta yi kamen tana da ikon yin sa.

Iyakokin teku

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sanya wa hannu a Montego Bay na ƙasar Jamaika a 1982 kuma ta fara aiki a 1994, ta kasa teku gida-gida. Daga gaɓa zuwa mil 12 na ruwa, wato kimanin kilomita 22, mallakin ƙasa ne, kuma dokokinta na aiki a wurin. Zuwa mil 24 tana iya sa ido kan harkar kwastan da shige da fice. Zuwa mil 200 kuwa ikonta ya tsaya a kan arziki, kamar kifi da man fetur.

Sashe na 110 na yarjejeniyar ya ba jiragen yaƙi damar tsayar da jirgin da ake zargi da fashin teku ko cinikin bayi, ko wanda ba shi da rajistar kowace ƙasa. Safarar ƙwayoyi ba ta cikin jerin. Yarjejeniyar Vienna ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ce ta cike wannan giɓi a sashe na 17, inda ta tanadi cewa ƙasar da ke zargin wani jirgi ta nemi izinin ƙasar da ke da tutar kafin ta hau shi ta yi bincike.

Hukunce-hukuncen Amurka

A 1986 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar yaƙi da ƙwayoyi a teku, wadda aka fi sani da MDLEA. Dokar ta ba kotunan ƙasar ikon shari'ar mutanen da aka kama a jirgi marar ƙasa, ko jirgin da ƙasarsa ta amince a yi hakan. Haka kuma, idan matuƙi ya ambaci wata ƙasa amma ita ba ta tabbatar da ikirarinsa ba, ana ɗaukar jirgin a matsayin marar ƙasa.

Kan kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya ya rabu a kan tambaya ɗaya: shin dole ne a nuna cewa laifin yana da alaƙa da Amurka? A shari'ar Davis ta 1990, kotun shiyya ta 9 ta ce wajibi ne a nuna alaƙar idan jirgin yana da rajistar wata ƙasa. A 1993, a shari'ar Martinez-Hidalgo, kotun shiyya ta 3 ta ce ba a buƙatar hakan, domin duniya ta yi ittifaƙi a kan haramcin wannan sana'a.

Kotun shiyya ta 11, wadda ta ƙunshi jihar Florida inda ake kai yawancin waɗanda aka kama, ta ja layi a 2012 a shari'ar Bellaizac-Hurtado. An kama mutum huɗu dangane da kimanin kilo 760 na hodar iblis a jirgin da aka hango cikin ruwan ƙasar Panama, kuma Panama ta amince a yi musu shari'a a Amurka. Duk da haka kotun ta soke hukuncin. Ta ce safarar ƙwayoyi ba ta cikin laifukan da dokar al'ada ta ƙasa da ƙasa ta ayyana, don haka majalisa ba za ta fake da wannan sashe na tsarin mulki ta hukunta abin da aka aikata a ruwan wata ƙasa ba. A 2024, a shari'ar Alfonso, kotun ta yanke cewa yankin tattalin arziki na mil 200 yana cikin tsakiyar teku ta fuskar hurumin Amurka.

Hukunce-hukuncen Turai

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta fi mayar da hankali a kan haƙƙin waɗanda aka tsare. A 1999, a shari'ar Rigopoulos da Sifaniya, ta ce kwana 16 da aka yi kafin a kai wanda ake zargi gaban alƙali uzuri ne karɓaɓɓe saboda nisan tafiyar.

Shari'ar Medvedyev da Faransa ta fi yin fice. A watan Yunin 2002 sojojin ruwan Faransa sun tsayar da jirgin Winner mai tutar Kambodiya a kusa da tsibiran Cape Verde, suka tsare ma'aikatansa kwana 13 har zuwa tashar Brest. A ranar 29 ga Maris, 2010 babban zauren kotun ya ce tsarewar ba ta da madogarar doka, domin takardar izinin da Kambodiya ta bayar ba ta fayyace makomar ma'aikatan ba. A 2011 Faransa ta yi dokar da ta sa alƙali ya riƙa sa ido kan tsare mutane a teku. A 2013 kotun ta sake samun Faransa da laifi a shari'ar Vassis, kan jirgin Junior da aka kama a 2008 daura da gaɓar Afirka ta Yamma, saboda ba a gabatar da ma'aikatansa gaban alƙali nan take bayan isowarsu ba.

Abin da ya shafi wannan yanki

Jiragen Winner da Junior duk an kama su ne a hanyar da hodar iblis ke bi daga Kudancin Amurka zuwa Turai ta Afirka ta Yamma. Najeriya na cikin yarjejeniyoyin 1982 da 1988, don haka ƙa'idojin neman izinin ƙasar tuta sun hau kan sojojin ruwanta da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Ɗan Najeriya da ke aiki a jirgin waje kuwa yana iya tsintar kansa a kotun ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Duk da saɓanin da ke tsakaninsu, hukunce-hukuncen sun ginu ne a kan tafarki ɗaya, wato kame bisa izini, sannan gurfanarwa gaban alƙali. Wannan ne ya sa hare-haren da sojojin Amurka suka fara kai wa jiragen da ake zargi a tekun Karebiyan daga Satumban 2025, inda aka kashe mutane ba tare da shari'a ba, suka jawo suka daga masana doka da kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.