Daular Rum: Tasowarta da faɗuwarta

Tekun da ya raba Afirka da Turai har yau Bahar Rum ake kiransa da Hausa, sunan da ya gada daga daular da ta taɓa mallakar dukkan gaɓoɓinsa, tun daga Sifen har zuwa Sham.

Bisa riwayar Rumawa, an kafa birnin Rum a gefen Kogin Tiber a ƙasar Italiya ta yanzu, a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarakuna ne suka fara mulkinsa, har zuwa 509 lokacin da manyan gari suka kori sarki na ƙarshe suka kafa jamhuriya, wadda majalisar dattawa da shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara ke tafiyar da ita.

Bunƙasa

Bayan sun haɗe Italiya a ƙarƙashinsu, Rumawa sun fuskanci babbar abokiyar hamayyarsu, Kartej, wadda kufanta ke Tunisiya a yau. Sau uku suna gwabza yaƙi. A yaƙi na biyu ne kwamandan Kartej, Hannibal, ya tsallaka tsaunukan Alps da giwaye a 218, amma daga ƙarshe Rumawa suka yi galaba, suka kuma rushe Kartej a 146.

Dukiyar ganima ta azurta masu hannu da shuni, ta kuma sa sojoji suka fi biyayya ga kwamandojinsu a kan hukuma. Hakan ya haifar da yaƙe-yaƙen basasa. An kashe Julius Kaisar a 44, sannan a 27 kafin haihuwar Annabi Isa magajinsa Augustus ya zama sarkin daular na farko. Daga sunayen waɗannan biyu aka samo watannin Yuli da Agusta.

Daular ta kai iyakar faɗinta a 117 Miladiyya, zamanin Sarki Trajan. Hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu sun haɗa lardunanta, yayin da alkamar Masar da Arewacin Afirka ke ciyar da birnin Rum. Har ma wani haifaffen Libiya, Septimius Severus, ya hau gadon sarauta a 193.

Rauni da rabuwa

Tsakanin 235 da 284, sarakuna fiye da 20 ne suka yi mulki, akasarinsu kashe su aka yi. Domin biyan sojoji, hukuma ta riƙa rage azurfar da ke cikin kuɗinta, farashin kaya ya yi ta hauhawa. Ga annoba, ga kuma hare-haren Farisawa a gabas da na ƙabilun Jamusawa a arewa.

Sarki Constantine ya halatta addinin Kirista a 313, ya kuma buɗe sabon babban birni a 330, wato Kustantiniya, Santambul ta yau. A 395 daular ta rabu gida biyu, gabas da yamma.

Ɓangaren yamma bai daɗe ba. Ƙabilar Goth ta washe birnin Rum a 410, ƙabilar Vandal ta ƙwace Kartej a 439, abin da ya raba daular da hatsi da harajin Afirka. A 476 wani kwamanda mai suna Odoacer ya tuɓe sarkin yamma na ƙarshe.

Rumawan gabas

Ɓangaren gabas kuwa ya ƙara kusan shekara 1,000. Su ne Rumawan da Suratur Rum ta ambata, kuma ga sarkinsu Hiraƙal ne Annabi Muhammad (SAW) ya aika da wasiƙa.

Musulmi sun ci su da yaƙi a Yarmuk a 636, suka karɓe Sham, daga baya Masar. Daular ta ci gaba da ƙanƙancewa har zuwa ranar 29 ga Mayun 1453, lokacin da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammad al-Fatih, ya ci Kustantiniya.

Masana tarihi na ci gaba da muhawara kan ko rikicin cikin gida ne ya fi kassara daular ko kuwa maharan waje. Sai dai gadonta bai gushe ba: dokokin ƙasashen Turai da dama sun samo tushe daga nata, haka ma harsunan Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, da kuma baƙaƙen da ake rubutun boko da su.