Tarihi a Cikin Ƙagaggen Labarin Leƙen Asiri: Nazarin Littafin The Day of the Jackal

Wannan takarda za ta dubi littafin The Day of the Jackal, wato Ranar Dila, wanda Frederick Forsyth, ɗan jaridar Ingila, ya wallafa a 1971. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne yadda marubuci yake ɗaukar abin da ya auku da gaske ya ɗora ƙage a kansa, da abin da tarihi yake rasawa a wannan ciniki.

Tushen labarin yaƙin Aljeriya ne, wanda aka fara a 1954. Sojoji da Turawan da ke zaune a Aljeriya su ne suka share wa Janar De Gaulle hanyar komawa mulki a 1958, bisa zaton zai riƙe masu ƙasar. Da suka ga ya karkata ga ba ta ƴanci, sai wasunsu suka kafa ƙungiyar asiri ta OAS a 1961. An sa hannu a yarjejeniyar Evian a watan Maris na 1962, Aljeriya ta sami ƴanci a watan Yuli. Ranar 22 ga Agusta 1962, a unguwar Petit-Clamart da ke gefen Paris, wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Laftanar Kanar Jean Bastien-Thiry suka buɗe wa motar shugaban wuta, yana tare da matarsa. Motar ta tsere da fasassun tayoyi, ba wanda ya mutu a cikinta. An harbe Bastien-Thiry bisa hukuncin kotun soja ranar 11 ga Maris 1963. Da wannan kisa littafin ya buɗe, kuma har zuwa nan tarihi ne. Daga nan ne ƙage ya karɓa: shugabannin OAS suka ɗauki hayar wani Bature da ba a san sunansa ba, mai laƙabin Dila, a kan dala 500,000, domin ya kashe shugaban.

Babban ƙarfin littafin yana cikin wata matsala da ya kamata a ce ta kashe shi. Kowane mai karatu a 1971 ya san De Gaulle ya mutu ne a gidansa a watan Nuwamba 1970, ba da harsashi ba. Ke nan ba a karanta littafin don a san ƙarshe. Abin da Forsyth ya yi shi ne ya ɗauke hankali daga tambayar ko za a kashe, ya mayar da shi ga tambayar ta yaya. Ana bin Dila zuwa wata maƙabarta a Ingila inda ya samo sunan yaron da ya mutu yana ƙarami, ya nemi takardar haihuwarsa, ya yi fasfo da ita. Ana bin sa zuwa wurin maƙerin bindiga a Beljiyam, wanda ya ƙera masa bindigar da ake kwancewa a ɓoye cikin sandar gurgu. A ɗaya ɓangaren kuma ga Claude Lebel, ɗan sanda marar kwarjini, yana bugun waya yana tonon takardu. Zubin labarin ya raba surori tsakanin mafarauci da mai farautarsa, tazarar kwanaki tana raguwa har ta koma ta mintoci ranar 25 ga Agusta 1963, ranar bikin ƴantar da Paris. Wannan salo na mai kawo rahoto ne, domin Forsyth ya yi wa kamfanin labarai na Reuters aiki a Paris a daidai waɗannan shekaru. Mai sauraren tatsuniya ba zai yi mamakin laƙabin ba, tun da dila a wurinmu malamin daji ne.

To amma nan ne kuma mai nazarin tarihi ya kamata ya yi hattara. Murya ɗaya marubucin ya yi amfani da ita wajen faɗin gaskiya da ƙage. Sace Kanar Antoine Argoud daga Munich a watan Fabrairu 1963 ya faru. Roger Frey ministan cikin gida ne na gaske. Amma Kanar Marc Rodin da Lebel da Dila kansa ƙirƙirarsu aka yi, kuma babu wata alama a shafi da za ta nuna wa ɗalibi inda iyakar take.

Raunin da ya fi wannan girma, a ganina, shi ne rashin ƴan Aljeriya. Labari ne da rikicin ƙasarsu ya haifa, amma da wuya a ji muryar ko mutum ɗaya daga cikinsu. An ba da shafuka ga ɓacin ran hafsoshin da suke ganin an ci amanarsu a Indocin da Aljeriya, har mai karatu yakan fara tausaya masu. Ba a tsaya kan bama-baman da OAS ta riƙa dasawa a Aljas da Oran ba. Haka kuma rundunar ƴan sandan Paris da ake nunawa tana kare jamhuriya ita ce, ƙarƙashin Maurice Papon, ta kashe masu zanga-zanga ƴan Aljeriya ranar 17 ga Oktoba 1961. Gaskiya ne littafin bai ɓoye cewa jami'an asirin Faransa suna azabtar da mutane ba, domin an nuna yadda suka gana wa mai gadin Rodin azaba har ya mutu, sai dai an kawo abin ne a matsayin wata dabara ta aiki.

Taurarin ma ba su da zurfi. Dila ba shi da asali, ba shi da aƙida, wanda ana iya cewa da gangan ne. Matan kuwa kayan aiki ne kawai: ɗaya tana kwana da babban jami'i don ta tatsi asiri, ɗaya ta ba Dila mafaka ya kashe ta.

Akwai wani abu da masu karatu na farko ba su sani ba. Forsyth ya rubuta littafin ne a farkon 1970, bayan komawarsa daga Biyafara, inda ya fito fili ya goyi bayan Ojukwu. A 2015, shekara 10 kafin mutuwarsa a 2025, ya bayyana cewa tun lokacin wancan yaƙin ya fara yi wa hukumar leƙen asirin Ingila ta MI6 wasu ayyuka, ya kuma ci gaba fiye da shekara 20.