Matan Kano da Neman Arziki a Ƙasashen Waje: Daga Fatauci Zuwa Aikin Albashi

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ji labarin wata 'yar Arewa ta sami babban muƙami a wani banki ko kamfani ko hukuma ta ƙasar waje, sai ka ji mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce abin alfahari ne, wasu kuwa su ce baƙuwar al'ada ce da boko ya kawo mana, wai mace ta bar garinsu ta shiga uwa duniya neman kuɗi. Dukkansu sun ɗauka abin sabo ne. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa fitar matan Kano neman arziki a wata ƙasa ta girmi boko nesa ba kusa ba. Abin da ya sake kawai shi ne irin jarin da ake tafiya da shi. A da haja ce, yanzu kuwa takardar shaidar ilmi ce. Za mu bi wannan tarihi ta unguwar Nassarawa, domin a nan ne Gwamnatin mulkin mallaka ta fara rabon wannan sabon jari, kuma a nan aka fara tsallake mata wajen rabon.

Zamanin Fatauci

Tun kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Kano, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun shahara wajen fataucin goro. Sukan ɗauki kanwa da tufafi da fatu su yi tafiyar watanni zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayo goro su komo. Ayarin nan ba na maza zalla ba ne. Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, ya gamu da wani ayarin Hausawa a garin Kayama ta ƙasar Bargu cikin shekarar 1826 suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta sun fi mutum dubu, maza da mata. Wasu daga cikin matan bayi ne, wasu 'yan dako ne da aka yi jinga da su. Amma a zango-zango na hanya, da kuma unguwannin Hausawa na can, akwai mata masu cin gashin kansu, suna sayar da abinci, suna saye da sayarwa da jarinsu.

Babban misali shi ne na Amarya, mahaifiyar Alhaji Alhassan Ɗantata. An haifi Alhassan a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, mahaifiyarsa ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Da mijinta ya rasu Alhassan yana yaro, sai ta tashi ta koma birnin Akara na ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, ta ci gaba da kasuwancinta a can. 'Ya'yanta kuwa ta bar su a hannun wata tsohuwa mai reno da ake kira Tata, kuma daga sunan wannan tsohuwa aka sami laƙabin Ɗantata. Da Alhassan ya tasa ya bi sawun uwarsa har Akara, ya koyi hanyar da daga baya ya yi ta fataucin goro a kanta. Lokacin da ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Mai karatu zai lura da abu biyu a wannan labari. Na farko, gidan da ya fi kowane suna a kasuwancin Kano yana da tushe a jikin macen da ta yi ƙaura neman arziki. Na biyu, tafiyar ba kyauta ta zo ba, sai da ta rabu da 'ya'yanta, har sunan mai reno ya rinjayi nata a bakin duniya.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin su Amarya, domin shari'ar Musulunci ta bar wa mace dukiyarta, miji ba shi da iko a kai sai da yardarta. Ko matan kulle na cikin birni ba su zauna hannu rabbana ba. Suna kaɗi, suna yin ƙuliƙuli da man gyaɗa da fura, yara na kai musu talla, suna zuba adashi. Dangane da ilmi kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta bar tsarin 'Yan Taru na karantar da mata har ƙauyuka. Ashe ke nan, Turawa ba su tarar da matan Hausa ba sana'a ko ba karatu ba.

Nassarawa da Sabon Jari

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Nassarawa a lokacin gidan shaƙatawa ne na Sarkin Kano da gandunsa, a wajen ganuwa, kuma a wannan shiyya baƙin suka fara zama. A 1909 Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, inda aka tattaro malamai da 'ya'yan sarakuna daga larduna domin a koya musu boko da lissafi da sana'o'i. Gidansa yana nan har yanzu, shi ne Gidan Ɗan Hausa. Ɗaliban wannan makaranta maza ne. Haka nan Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ma ta maza ce.

Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na gwamnati a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko. Wato shekara 21 cur bayan makarantar Ɗan Hausa. Ko da aka buɗe ɗin ma, abin da aka fi ba ƙarfi shi ne tsabta da ɗinki da reno, tare da ɗan karatu da rubutu. Manufar ita ce a sama wa ma'aikatan En'e matan da suka iya riƙon gida. Ba a yi tunanin za su riƙe ofis ba. Makarantar horon malamai mata ta Sakkwato sai a 1939 ta samu. A Kano kuma, 'yan mishan na St. Louis sun iso a 1948 suka kafa makarantar 'yan mata, sai dai iyaye Musulmi da yawa sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan.

A daidai wannan lokaci kasuwancin kansa yana sake kama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suka kafa kantuna, sannan a 1929 aka haɗa wasu aka yi UAC. Babbar dukiya ta bar hannun madugu ta koma hannun manaja. Dokar birane ta Lugga ta 1917 kuma ta keɓe wa Turawa unguwa tasu, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa. Nassarawa da Bompai suka zama mazaunin Razdan da Di'o da manajojin kamfanoni. Bahaushen da ke shiga wurin kuku ne ko boyi ko mai gadi, in ya yi sa'a akawu. Matakin farko na hawa a kamfani shi ne akawu, akawu kuwa sai da takardar makaranta. Tun da ba a ba mace takardar ba, sai tsanin ya wuce ta tun daga matakinsa na ƙasa.

Kada a ɗauka Turawan sun hana matanmu abin da suka ba nasu. A Ingila kanta, har zuwa 1946 doka ce mace ta ajiye aikin gwamnati ranar da ta yi aure, kuma a ma'aikatarsu ta harkokin waje dokar ta kai farkon shekarun 1970. Bankin Barclays sai a 1958 ya naɗa mace ta farko manajar reshe. Dokar daidaita albashin maza da mata an yi ta a 1970, ta fara aiki a 1975. Kasuwar hannun jari ta Landan kuwa sai a 1973 ta karɓi mata. Wanda bai buɗe ƙofa a gidansu ba, ina zai buɗe ta a gidan wani?

Buɗewar Ƙofa

Abubuwa sun fara sakewa daga shekarun 1950, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan wajen maye gurbin baƙi da 'yan Arewa a aikin gwamnati. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kwalejin Abdullahi Bayero kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa attajirai suka sayi hannun jari a kamfanonin baƙi. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, kuma a wannan shekarar ce matan Arewa suka sami ikon jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba.

Da Turawa suka kwashe, gidajen Nassarawa suka koma hannun manyan ma'aikata da alƙalai da likitoci da 'yan kasuwa. Irin waɗannan gidaje ne suka fi saurin barin 'ya mace ta ƙare sakandare kafin aure, domin uban ya ga amfanin takarda da idonsa, kuma yana da halin biya. Don haka unguwar da aka fara tsallake mata a cikinta ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fara cin moriyar boko. Amma fa moriyar ta tsaya ga 'yan tsiraru.

Waɗanda Suka Fita

Ƙofofin da matan Arewa suka fara bi su ne shari'a da aikin jarida da hukumomin duniya, sannan banki ya biyo baya. Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta yi karatun lauya a Ingila, ta sami shaidar zama lauya ta can a 1966, ta zama mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya. Ta hau kujerar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, ta kai Kotun Ƙoli a 2005, sannan ta zama Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014.

Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya fara ne da muryoyin maza. Daga baya Jamila Tangaza, wadda ta yi digirinta a Jami'ar Bayero, ta shiga aikin a Landan har ta shugabanci sashen. Bilkisu Labaran ita ma ta yi aiki a can, kuma ita ta jagoranci buɗe sashen Turancin buroka na gidan a 2017. Waɗannan da harshen Hausa suka ci abinci a ƙasar Turai, abin da ya kamata ɗaliban Hausa su riƙe da kyau.

Hajiya Amina Muhammad, 'yar asalin Gombe, ta fara ne da aikin kamfani. Ta yi shekara goma, daga 1981 zuwa 1991, a wani kamfanin zanen gine-gine, sannan ta shiga kafa nata. Ta yi aiki da Gwamnatin Tarayya, aka kira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2012, ta dawo ta yi ministar muhalli a 2015, sannan a 2017 aka naɗa ta Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmad ta sami digirin akanta a Zariya a 1981, ta yi ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, daga nan ta wuce Bankin Duniya a Washintan.

In aka dubi waɗannan mata za a ga babu wadda ta faɗa babban muƙami daga sama. Kowacce tana da fanni guda da ta ƙware a kai, kuma ta yi shekaru masu yawa tana hawa daki-daki. Yawancinsu ma a gida suka fara yin suna kafin waje ta neme su.

Hanya Biyu Daga Filin Jirgi

Tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, kuma filin jirginta ya daɗe yana zama ƙofar Arewa zuwa duniya. Matan da suka bi ta wannan ƙofa ba masu digiri kaɗai ba ne. Tun daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya yawaita, aka sami 'yan Kano-Jidda, hajiyoyi masu sarin gwal da tufafi daga Saudiyya, daga baya kuma Dubai. Waɗannan su ne magadan Amarya na ainihi, jarinsu haja ce. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda ba su da haja ba su da takarda, sai ƙarfin jikinsu. Su ne ke tafiya aikatau a gidajen Larabawa, wasu ta hannun dillalai, wasu su tafi Umra su maƙale su zama takari. A ƙarƙashin tsarin kafala, zaman ma'aikaciya a ƙasar yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke ta, wadda ba ta da takardun zama kuwa kullum cikin fargabar kamu take. Jirgi ɗaya zai iya ɗaukar dukkansu, amma abin da kowacce za ta tarar an riga an yanke shi tun ranar da aka bar ta a aji ko aka cire ta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa tambayar ko mace za ta fita neman arziki tarihi ya riga ya amsa ta, domin tana fita tun zamanin ayari, kuma talauci na ci gaba da fitar da ita. Abin da ya rage a hannunmu shi ne da wane guzuri za ta fita. Maganar muharrami da yardar miji da renon 'ya'ya magana ce mai nauyi, wadda malamai da iyaye da ma'aurata za su ci gaba da tattaunawa, kuma labarin Tata ya nuna ba yau aka fara ta ba. Sai dai mace mai ilmi ta fi samun aikin da zai ba ta damar tafiya da iyalinta, da kwangila a rubuce, da hutun zuwa gida.

Tazarar shekara 21 da aka bari tsakanin 1909 da 1930 an cike ta a titunan Nassarawa, amma ba a gama cike ta a ƙauyukan Kano ba. Gwamnatin Jiha ta ayyana ilmi kyauta kuma tilas a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Doka kuwa ba ta kai yarinya aji sai da yardar gida. Ɗaliban jami'a na yau su ne iyaye da yayyen gobe, kuma a gabansu za a kawo maganar ko a bar ƙanwa ta ƙare makaranta ko a cire ta. Allah ya sa mu tuna da wannan tarihi a ranar, amin.