Rigimar Iyaka Da Akuyar Maƙwabta

'Yar uwa, in kina ganin ke kaɗai kika haɗu da maƙwabciya mai wuyar zama, zo ki ji. Ni a wani ƙauye na tashi a ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano, inda in kika tsaya ƙofar gida ba ki hango daji, sai gona na bin gona, gida nan gida can. Shekara tara kakata ta yi ba ta taka gidan da ke jikin dangarmu ba, ko barka ko gaisuwar mutuwa. Kan me? Ɗorawa guda ɗaya! Sai da na girma na gane rigimar ta girmi kakata kanta.

Tun da can mutanenmu ba su san dutsen siminti ba. Gamba ake dasawa a iyaka, ko aguwa a gefen burtali inda shanu ke bi. Turawa suka ci Kano a 1903, ba a jima ba aka fito da malaman taki, masu auna gona da ƙafa don a yanka haraji gwargwadon faɗinta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. To daga nan fa kunya ɗaya ta zama kuɗi. Mutum ya zo huɗa, ya ɗan shafto gamba da garma, bana kaɗan, baɗi kaɗan, kafin a farga ya ci kunya biyu. Ga jama'a na ƙaruwa, gona ba ta haihuwa. Maigida ya rasu, gandu ya watse, a raba gonar gida huɗu ko biyar. Shi ya sa za ki ga yawancin masu rigimar nan kakansu ɗaya.

Namu ya fi ɗaure kai, don a al'adarmu bishiya na iya zama ta wani, ƙasar da take kai ta wani. Da aka yi rabon gado, gonar ta faɗa hannun maƙwabtanmu, ɗorawar kuwa aka ce tamu ce. Kin san kuwa kalwa dukiyar mace ce, da ita ake daddawa. Duk bazara sai an yi. Kakata ta tura yara da ƙugiya, matar can ta koro su, wai inuwar bishiyar ce ke kashe musu gero, don haka su ma da rabonsu. Maganar gaskiya, ba ta rasa hujja ba, ko da yake a gidanmu ba mai iya faɗin haka.

Sai kuma awaki. Da an yi shuka ake shela kowa ya ɗaure dabbarsa a turke, sai an kau da amfani a sake su. Wata damina akuyar kakata ta tsinke ta yi wa wakensu kaca-kaca. Wallahi har yau ban yarda tsautsayi ba ne.

Ƙa'ida a da, mai unguwa za a fara gaya wa, in ya kasa sai dagaci, sai hakimi, mu namu Sarkin Bai, sannan alƙali. A 1968 aka cire kotuna daga hannun En'e, a 1978 gwamnatin Obasanjo ta yi dokar filaye da ta sa gonakin karkara a hannun ƙaramar hukuma, a 2003 kuma aka kafa Hukumar Hisba a Kano, ita ma tana sulhu. Amma ba takardar da ta san inda tsohuwar gamba take, sai tsofaffin gari. Kuma mace ba ta cika zuwa zauren ba, mijinta ke zuwa ya faɗi rabin abin da ya faru.

Tamu a ƙofar dagaci ta ƙare. Ya sa aka tona iyaka aka ga tsohon tushen gamba, ya ce a biya wake, ɗorawa kuma duk kwando uku ɗaya na masu gona ne. Kakata ta ce an cuce ta, ta kwana biyu ba ta ci tuwo ba. Da bazara ta zagayo ita da kanta ta auna musu nasu, ta danna shi sosai don kada a ce ta yi ƙwauro, ta ɗora mini a ka na kai.