Waƙar da Ta Shigo Garwa ta Ƙofa Biyu

A shekarar 1980 wata ƙungiyar mawaƙan disko ta Faransa mai suna Ottawan ta fitar da waƙar "T'es OK". Bayan shekara biyu, can a Bombay, Bappi Lahiri ya ɗauki karinta ya sake masa kiɗa, aka ɗora baitocin Indiyanci a kai, ta koma "Jimmy Jimmy" ta fim ɗin Disco Dancer. Da wuya ka sami Bahaushen da ya yi samartaka a wancan zamani bai san ta biyun ba. Ta farkon kuwa, sai irinmu mutanen arewacin Kamaru, saboda inda Allah ya ajiye mu.

Garwa kunne biyu gare ta. Ɗaya yana jin kudu: faifan Faransa ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Ngaundere a 1974, daga nan mota ta ƙaraso da shi bakin Binuwai. Ɗayan yana jin yamma, wato Yola da Kano, inda fatake ke dawowa da atamfa da kaset. Finafinan Indiya kuma sun cika gidajen silima irin su Ribadou. Saboda haka saurayi ɗaya yana iya taka rawa da kari ɗaya sau biyu, yau da Faransanci, gobe da Indiyanci, bai ma lura cewa tsohuwar baƙuwarsa ce ta sake zane ba.

Na fi damuwa da hanyar Indiya, domin ita ce ta shiga cikin gida. Disko da Faransanci ya tsaya a gidajen rawa, wurin 'yan boko da ma'aikatan gwamnati, wurin da uba ba ya so a ce an ga ɗansa. Amma da karin ya biyo ta Bombay, sai ya shige ɗakin amarya da teburin mai shayi ba sallama. A Kano ma 'yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna yabon Annabi (SAW) da shi, daga baya mawaƙan finafinan Hausa suka bi sahu da waƙoƙin soyayya. Kari ba ya da fasfo, ba kuma a tambayarsa addininsa.

Ana yawan ce mana masu kwaikwayo. To, a duba Turan da kanta. Boney M, ƙungiyar da Frank Farian ya haɗa a Jamus, ta yi tashe a 1978 da "Rivers of Babylon", alhali waƙar The Melodians ce ta Jamaika tun 1970. "Lambada" da Kaoma ta fitar daga Faransa a 1989 asalinta waƙar Los Kjarkas ce ta Bolibiya, sai da aka kai ga kotu. Abin da muke saya da sunan kiɗan Turawa, sau da yawa kayan aro ne aka goge aka sa wa sabon kwali.

Mu ma an ara daga gare mu. Michael Jackson ya ɗauki amshin "Soul Makossa" na Manu Dibango, waƙar 1972, ya sa a kundinsa na 1982, har sai da aka sasanta da kuɗi. "Waka Waka" ta Shakira a gasar cin kofin duniya ta 2010 daga "Zangalewa" ta Golden Sounds aka samo amshinta, waƙar 1986. Waɗannan sun sami haƙƙinsu domin waƙoƙinsu na kan faifai, da suna da shekara. Makaɗin kalangu ko mai garaya da aka naɗi kiɗansa a gidan biki, wani yaro ya ɗora masa bugun kwamfuta ya watsa a wayoyi, da wace takarda zai je kotu? Wannan tambayar ce take ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka kawo mini irin wannan kiɗa a ce in sa a shiri.

Ita kuwa "Jimmy" ba ta gama yawonta ba. A 2007 mawaƙiyar Birtaniya M.I.A. ta sake rera ta da sabon kiɗan rawa, ta mayar da karin Turai bayan shekara 27 da barinsa Faransa. Masu sauraro suna bugo waya su nemi ta Indiyar, in haɗa musu da ta Ottawan, sai wani ya sake bugowa da faɗa, wai Faransawa sun saci waƙar Indiyawa.